CIWON DAMUWA: INA WANDA BA SHI DA INSHORA ZAI NUFA?

Wannan shi ne jawabin da ɗaya daga cikin 'yan uwa matasa masu aikin sa-kai na taimakon marasa lafiya ya gabatar a garin Adabka, cikin Ƙaramar Hukumar Bukkuyum ta Jihar Zamfara, a wani zama da aka yi bayan sallar La'asar, wanda ya haɗa jama'a daga Anka, Gummi da ƙauyukan kewaye. Mun rubuto maku shi kamar yadda ya gabatar, sai ɗan gyaran da ba a rasa ba. A sha karatu lafiya.

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, tsira da aminci su ƙara tabbata ga Manzon tsira Muhammadu (SAW), da iyalan gidansa da sahabbansa managarta.



Kafin komai ina neman afuwa. Ni ba likita ba ne, ba kuma malami ba. Iyakar karatuna sakandare da Islamiyya. Dalilin da ya sa aka ce in miƙe a gaban iyayena shi ne, na ɗan jima cikin masu raka marasa lafiya asibiti, mu ne masu yankan kati, mu ne masu bin layi, mu ne masu tsayawa a gaban mai ba da magani muna ƙirga canji ko zai kai. To a nan muka ga wasu abubuwa, muka kuma tambayi waɗanda suka sani. Sannan kuma ciwon da zan yi magana a kai ya shiga har cikin gidanmu. In na yi daidai daga Allah ne, in na yi kuskure ma'aikatan lafiya da malamai suna nan, sai su gyara mani.

ABIN DA YA SAMI KAWUNA

Zan fara da labarin Kawuna, da izininsa, amma ba zan ambaci sunansa ko garinsa ba. Mutum ne da kowa ya sani da raha, shi ke buɗe hira a majalisa, shi ke rufewa. Shekaru uku da suka wuce 'yan bindiga suka ɗauke masa ɗa a hanyar gona. Ya sayar da shanun huɗarsa, ya jinginar da gona, aka haɗa abin da aka haɗa, Allah Ya sa yaro ya dawo da rai. Muka yi ta murna, muna cewa magana ta ƙare. Ashe a lokacin ne tasa ta fara.

Bayan yaron ya dawo da kamar wata biyu, sai Kawu ya daina fita majalisa. Sai ya daina zuwa kasuwa. A kawo tuwo ya yi loma biyu ya ture. Ƙarfe uku na dare ya farka, ba zai sake runtsawa ba har asuba. In ka tambaye shi sai ya ce tsakiyar kansa ke zafi, gabansa ke faɗuwa, kuma yana jin kamar wani abu na yi masa tafiya a jiki.

To ku ji abin da muka yi. Muka fara da kemis, aka ce zazzaɓin cizon sauro ne, aka yi allura. Aka ce taifod ce, aka sa ruwa leda uku. Aka ce olsa ce. Da duk wannan bai yi ba, sai wata daga cikin dangi ta ce ai sammu ne, aka kai shi wajen wani mai magani, ya karɓi akuya da kuɗi ya ba da hayaƙi. Wani kuma ya ce aljanu ne. Wata bakwai muna wannan yawo, awaki biyu da buhun gero uku suka tafi, a gidan da dama fansa ta riga ta tsiyata.

Ranar da hankalina ya tashi ita ce ranar da na shiga gaishe shi, na ce, "Kawu, yaya ƙarfin jikin naku?" Ya daɗe bai amsa ba, sannan ya ce, "Ɗana, ni yanzu nauyi ne a kanku. Da Allah Ya ɗauke ni da kun huta." Mutumin da bai taɓa fashin jam'i ba ke faɗin haka.

Washegari na tafi da shi babban asibiti. Allah Ya haɗa mu da wani ma'aikacin lafiya da ya zauna ya saurare shi, ya ce, "Baba, ku ba ni labarin barcinku. Ku ba ni labarin abin da kuke tunani in dare ya yi." Da ya gama ji, ya sa aka gwada jini, sannan ya ce mana wannan ciwon damuwa ne, sananne ne, kuma yana da magani. Kuɗin ƙwayoyin da aka rubuta masa na wata guda bai kai kuɗin kaza ɗaya ba. Wallahi da na ji kuɗin sai da na tuna awakin nan biyu.

Wannan shi ne jigon maganata a yau. Talaka a ƙasar nan ba maganin ciwon damuwa ne ke cinye masa dukiya ba. Yawon da yake yi kafin ya isa ga maganin shi ke cinye ta.

MENE NE CIWON DAMUWA?

Baƙin ciki dai kowa na yi. Annabi Yakubu (AS) ya yi baƙin cikin rabuwa da ɗansa har idanunsa suka taɓu. Shekarar da Nana Khadija da Abu Ɗalib suka rasu, malaman tarihi suna kiran ta shekarar baƙin ciki. Saboda haka wanda ya ce baƙin ciki alamar raunin imani ne, to ya sake duba maganarsa.

Amma akwai inda damuwa ke wuce ta yau da kullum ta zama ciwo. Likitoci sun sa mata ma'auni. Idan mutum ya kai mako biyu ko fiye, kusan kullum, kusan duk yini, zuciyarsa a ƙuntace, ko kuma abubuwan da a da suke masa daɗi duk sun fita daga ransa, har abin ya hana shi noma ko kasuwa ko hidimar gida, to an shiga batun ciwo. Yakan zo da rashin barci ko yawansa, da rashin cin abinci, da kasala ba tare da an yi aikin komai ba, da mantuwa da kasa tara hankali, da ganin kai ba a bakin komai ba, da zargin kai, da yawan tunanin mutuwa.

A wajenmu kuma da wuya mutum ya ce "ina cikin damuwa." Namiji yana jin kunya, mace tana tsoron a ce ba ta da haƙuri. Sai jiki ya yi magana a madadin baki: ciwon kai, zafin ƙirji, faɗuwar gaba, ciwon gaɓoɓi. Shi ya sa za ka ga an yi wa mutum maganin taifod sau biyar a shekara bai warke ba.

Kuma kada wani ya ce wannan ciwon Turawa ne ko na masu kuɗi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2023 cewa mutum kusan miliyan 280 ne ke fama da shi a duniya, mata sun fi maza, kuma a cikin masu ciki da masu jego sama da kashi 10 cikin 100 suna kamuwa. Ta kuma ce a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi irin namu, sama da kashi 75 cikin 100 na masu ciwon ba sa samun magani ko kaɗan.

Mu ma a tarihinmu na Musulmi ba baƙon abu ba ne. Akwai wani malami, Abu Zaid Al-Balkhi, wanda ya rasu a shekarar 934 Miladiyya, wato sama da shekara dubu ke nan. A littafinsa Masalihul Abdan wal Anfus ya raba baƙin ciki gida biyu: wanda aka san dalilinsa, kamar rashin masoyi ko asarar dukiya, da wanda yake faɗo wa mutum ba tare da wani dalili na zahiri ba. Ya nuna cewa na biyun tushensa a jiki yake, kuma yana buƙatar a yi wa jikin magani. A birnin Alƙahira kuma, asibitin da Sarki Ƙalawun ya gina a 1284 yana da sashen masu lalurar ƙwaƙwalwa, ana duba mutane kyauta, da dukiyar waƙafi ake tafiyar da shi. Ku riƙe wannan kalma ta waƙafi, zan dawo gare ta.

ABIN DA YANKIN NAN YA GANI

'Yan uwa, in akwai yankin da ya kamata a ce ana wannan magana a kowane masallaci, to namu ne. A 2010 gubar dalma ta kashe yara kimanin 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta, Abare, Sunke, Tungar Daji, 'Yargalma da Tungar Guru. Bagega sai a 2013 aka samu aka kwashe gurɓatacciyar ƙasarta. Ƙungiyar likitocin nan ta MSF ta yi shekaru tana wanke jinin yara. Amma uwar da ta binne 'ya'ya biyu ko uku a damina ɗaya, ita wa ya wanke mata zuciya?

Ba a gama da wannan ba sai ga 'yan bindiga. A watan Janairu na 2022 an yi kwanaki ana kashe mutane a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. A shekarar dai aka shiga masallacin Juma'a na Zugu aka kwashi masallata. Garin nan da muke zaune, ba sai na ba ku labarin abin da ya gani ba, kun fi ni sani. A 2024 kuma ambaliya ta raba dubban mutane da gidajensu a Gummi. Manomi ya zama ɗan gudun hijira, mai ba da zakka ya koma mai karɓa. Duk wanda ya bi ta cikin wannan, in zuciyarsa ta yi rauni, ba abin mamaki ba ne, ba kuma abin gori ba.

MAGANAR INSHORA

To yanzu sai mu zo kan kuɗi, tunda a nan gizo ke saƙa. Inshorar lafiya ma'anarta a taƙaice ita ce, jama'a da yawa suna zuba kuɗi kaɗan-kaɗan a asusu ɗaya tun suna da lafiya, wanda ciwo ya kama a cikinsu sai a yi masa magani daga asusun. Gwamnatin Tarayya ta fara nata shirin a 2005, kuma galibi ma'aikatan gwamnati ne suka amfana. A watan Mayu na 2022 aka sa hannu a sabuwar doka wadda ta ce inshorar lafiya wajibi ce a kan kowane ɗan ƙasa, ta kuma tanadi asusu na musamman don masu rauni. A farkon 2023 kuma aka samu sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958 da aka gada daga Turawan mulkin mallaka, ta kuma ba mai lalura haƙƙin a yi masa magani cikin mutunci.

Wannan a takarda ke nan. A zahiri kuwa, in na ce duk mai katin inshora a wurin nan ya ɗaga hannu, kun san hannu nawa za mu gani. Sama da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa a kan lafiya a Nijeriya daga aljihun mara lafiya da danginsa yake fitowa. Likitocin ƙwaƙwalwa kuma a ƙasa mai mutum sama da miliyan 200 ba su wuce 'yan ɗaruruwa ba, yawancinsu a manyan birane.

Shin sai mu naɗe hannu mu jira? A'a. Akwai matakai, kuma zan jero su daga mai sauƙi zuwa mai nauyi.

MATAKI NA FARKO: ASIBITIN DA KE KUSA

Kada ka fara da tunanin Sakkwato ko Kaduna. Fara da asibitin sha-ka-tafi na garinku, ko babban asibitin Anka, Gummi ko Bukkuyum. Tun 1991 aka sa lafiyar ƙwaƙwalwa cikin ayyukan asibitocin matakin farko a ƙasar nan. A 2008 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito da wani shiri na koya wa ƙananan ma'aikatan lafiya yadda za su gane ciwon damuwa su yi maganinsa ba sai an jira babban likita ba. Farfesa Oye Gureje na Jami'ar Ibadan da abokan aikinsa sun jarraba irin wannan a asibitocin matakin farko na Jihar Oyo, kuma aka ga mutane suna warkewa a hannun ƙananan ma'aikata.

Amma da sharaɗi. In ka shiga, ka faɗi gaskiya duka. Kada ka tsaya a "kaina ke ciwo." Ka ce, wata kaza ba na barci, ba na jin daɗin komai, ga abin da ya same ni, ga tunanin da ke zo mani. In mara lafiyar ba zai iya ba, wanda ya raka shi ya faɗa. Ka kuma nemi a duba jini, domin ƙarancin jini, da ciwon suga, da tarin fuka, da matsalar maƙoƙo duk suna iya kawo kasala mai kama da wannan. In ka ga wanda ka samu bai fahimce ka ba, ka nemi ya ba ka takardar turawa zuwa gaba.

Sannan ka yi tambaya a kan rajistar masu ƙaramin ƙarfi. Dokar lafiya ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya don lafiya a matakin farko, kuma ta nan ake yi wa talakawa rajistar magani a wasu zaɓaɓɓun asibitoci na mazaɓu. A Zamfara akwai hukumar da ake kira ZAMCHEMA mai kula da wannan fanni. Ka tambayi shugaban asibitin mazaɓarku: ana rajista a nan? Yaushe? Su wa ake ɗauka? Wane magani ke ciki? Haƙƙinka ne, ba roƙo kake ba. Matan da aka kashe wa maza da 'yan gudun hijira su ya kamata mu fara kaiwa.

MATAKI NA BIYU: MAGANIN DA BA A SAYE DA KUƊI

Likitoci sun ce idan ciwon bai yi tsanani ba, ba dole ne a fara da ƙwaya ba. Magana ma magani ce, in an san yadda ake yin ta. A ƙasar Zimbabuwe, wani likita mai suna Dixon Chibanda ya ga likitoci ba za su ishi jama'a ba, sai a wajajen 2006 ya fara koya wa tsofaffin mata yadda za su saurari mai damuwa. Aka kafa masu benci a harabar asibiti. Mutum ya zo ya zauna da kaka kamar sau shida, ta saurare shi, su jera matsalolinsa, su zaɓi guda ɗaya wadda za a iya taɓawa, su tsara abin da zai yi kafin zama na gaba. Binciken da aka buga a 2016 ya nuna waɗanda suka zauna a bencin sun fi samun sauƙi nesa ba kusa ba.

Iyayenmu mata, wannan ai aikinku ne tun fil azal. Abin da ya rage shi ne a san ƙa'idarsa. A saurara fiye da yadda ake magana. Kada a ce masa "ai wane ya fi ka shiga uku." Kada a ce "ka cire abin a ranka," domin da yana iya cirewa da ya cire. Kada abin da ya faɗa ya fita waje. Sannan a riƙa jawo shi a hankali zuwa ga ƙananan ayyuka: yau a raka shi masallaci, gobe a zaga bayan gari da shi, jibi a ce ya taya ba dabbobi ruwa. Shi ciwon nan yana ce wa mutum ya kwanta sai ya ji ƙarfi sannan ya tashi, alhali ƙarfin ba ya zuwa sai an motsa.

Addu'a da karatun Alƙur'ani da zikiri kuwa, babu mai hana su, mu ma da su muke rayuwa. Amma malamanmu sun karantar da mu cewa neman magani bai saɓa wa tawakkali ba. Mai karaya yana addu'a, yana kuma zuwa wajen maɗori. Abin da muke roƙon malamai shi ne, in an kawo maku mutum kun yi masa tofi, ku ƙara da cewa a kai shi asibiti. Maganarku ɗaya ta fi tamu goma. Tun a 1954 Dokta Thomas Lambo ya fara irin wannan haɗin kai a Aro ta Abeokuta, inda marasa lafiya ke zama da danginsu a ƙauyukan kusa da asibiti, ana aiki tare da mutanen gari.

Abin da ba za mu yarda da shi ba shi ne duka da mari. Mun ga abin da aka bankaɗo a 2019 a Rigasa ta Kaduna da kuma Daura, mutane ɗaure da sarƙa da sunan gyara. Mai ciwon damuwa dama yana ganin kansa ba a bakin komai ba, in ka ɗaure shi ka gaskata masa zatonsa ke nan.

MATAKI NA UKU: ƘWAYOYI

Idan ciwon ya yi nauyi, sai an haɗa da ƙwaya. Guda biyu da aka fi samu su ne amitriptyline da fluoxetine. Duka suna cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya, kuma tsofaffin magunguna ne masu sauƙin kuɗi. Ban ambace su don wani ya tafi kemis ya saya da kansa ba. Na ambace su don in an rubuta maka mai tsada, ka iya cewa, "Likita, ba ni da hali, babu mai sauƙi da zai yi mani?" Wannan tambayar ba abin kunya ba ce.

Ga abubuwa huɗu da za a kiyaye. Na ɗaya, ba ya aiki nan take, yakan ɗauki mako biyu zuwa huɗu, wani lokaci har shida, kafin a ga canji. Na biyu, da farko yana iya kawo bushewar baki, ko jiri, ko barci, ko tashin zuciya, yawanci suna raguwa, in sun yi yawa a koma asibiti. Na uku, in an ji sauƙi ba a dainawa, ana ci gaba aƙalla wata shida, kuma likita ne zai rage shi a hankali. Na huɗu, amitriptyline yana da haɗari ƙwarai in aka sha da yawa, saboda haka wani amintacce a gida ya riƙe shi, ya riƙa ba da na kullum, a kuma nesanta shi da yara. Mai ciwon zuciya, da mai ciki, da mai shayarwa, da wanda ya taɓa shiga wani yanayi na rashin barci da yawan surutu da ɓarnar kuɗi, lallai su gaya wa likita kafin a rubuta.

A nan mu ma muka yi kuskure. Kawu ya yi kamar mako biyar yana sha, ran nan sai muka ji ya ce a miƙo masa rediyonsa, har yana tambayar kuɗin taki a kasuwa. Gida ya cika da murna. Da aka yi wata biyu sai ya ce ya warke, mu ma muka biye masa, aka ajiye magani. Ba a rufa wata biyu ba ciwo ya dawo. Sai da aka sake sabon lale. Yanzu Alhamdu lillahi ya kammala, yana nomansa, ya koma majalisarsa.

Ina kuma jan kunnen 'yan uwana matasa. Tramadol da kodin da diazepam ba maganin damuwa ba ne. Suna rufe ta na awa kaɗan, su dawo da ita ninki biyu, su ƙara maka da jaraba. Tun 2018 gwamnati ta hana maganin tari mai kodin saboda ɓarnar da ya yi. Da yawa daga cikin waɗanda muke kira 'yan ƙwaya, in ka bincika, marasa lafiya ne da ba su sami mai saurarensu ba.

LOKACIN DA BA A JIRA

Akwai alamomin da in an gan su ba a kwana. Mutum ya fara maganar kashe kansa ko yana sallama da mutane. Ya ƙi ci ya ƙi sha. Yana jin muryoyin da ba wanda ke ji. Ko mai jego ta rikice, ta ƙi jaririnta, ko tana tsoron za ta cutar da shi. A irin wannan hali kada a bar shi shi kaɗai. A kawar da fiya-fiya, da maganin feshi, da shinkafar ɓera, da igiya, da makami, da tarin magunguna. Kuma kada a ji tsoron tambayarsa kai tsaye, cikin taushi, ko yana tunanin cutar da kansa. Masana sun tabbatar tambayar ba ta sa masa tunanin, sau da yawa ma ita ke buɗe ƙofar ceto. Daga nan sai asibiti mafi kusa, su kuma su tura Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Gusau, ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, ko Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Kware. Na san sunan Kware kawai yana ba mutane tsoro. To ku sani, da yawa masu zuwa can ganin likita suke yi su karɓi magani su dawo gida a ranar.

INSHORARMU

Zan rufe da inda na ce zan dawo. Mun ce inshora ita ce jama'a su tara tun ana lafiya don wanda ciwo zai kama. To wannan ai mun san shi. Shi ne adashi, shi ne gayya, shi ne gudummawar biki, shi ne waƙafin da ya riƙe asibitin Alƙahira. Mun iya haɗa kuɗin fansa cikin kwana uku. Mun iya haɗa kuɗin likkafani cikin awa ɗaya. Me zai hana mu haɗa kuɗin mota da na ƙwayar wata shida, alhali mutumin yana da rai?

Shawarata ga iyayena ita ce, kowane masallaci ko unguwa ta buɗe ɗan asusu. Da kaka kowane magidanci ya ba da tiya ɗaya, mai albashi ko ɗan kasuwa ya ba da abin da ya sawwaƙa duk wata. A damƙa wa mutum biyu amintattu, da mace ɗaya a ɓangaren mata, a riƙa rubutawa. Kada a ba da kuɗi a hannu, a sayi maganin, a biya motar. Kada a karanta sunan kowa a lasifika. A samu matasa biyu masu rakiya, waɗanda za su riƙa tuna wa mara lafiya ranar komawa asibiti. Wanda lamarinsa ya fi ƙarfin asusun, a rubuta masa takarda zuwa Hukumar Zakka da Waƙafi ta jiha, a kuma tuntuɓi masu hali na garin. Wannan ba zai ɗauke wa hukuma nauyin da ke kanta ba, za mu ci gaba da tambayar haƙƙinmu. Amma kafin amsa ta zo, kada mu bar ɗan uwanmu a ɗaki.

Kowa a nan, in ya yi shiru, zai tuna da wani da ya daina gani a sahu, ko wata da ta daina fitowa suna da biki. Ina roƙon kada a kwana biyu ba a je an gaishe shi ba. A zauna, a tambaye shi barcinsa, a saurara.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya jiƙan waɗanda muka rasa, Ya kuɓutar da waɗanda ke hannun azzalumai, Ya dawo mana da zaman lafiya a ƙasarmu. Abin da na faɗa daidai Allah Ya amfane mu da shi, kuskuren da ke ciki Ya yafe mani.